Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Galmi birni ne ko ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗiyar Yamai ce, a Bukoki nake zaune, kullum in na je Katako sayen albasa sai in ji ana ta Galmi ta Galmi, har yarona ya tambaye ni wai ina Galmi take kuma mutum nawa ne a ciki, na rasa abin ce mishi. Don Allah a taimaka mana.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi raya mana yaron nan. Galmi dai tana cikin jahar Tawa, a departeman Malbaza, ƙarƙashin komin ɗin Dogerawa, kuma bakin gudron RN1 take. In kika shiga mota daga Yamai za ki bi Doso, ki bi Dutsi, ki iso Birnin Ƙonni, ki wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ke rabuwa, sai Malbaza mai kamfanin siminti, to daga nan Galmi ba nisa, kafin a kai Madawa. Tafiyar ta kusa kilomita 500.

Gari ne ƙarami wallahi, ko mairi ɗin ma ba a nan take ba, tana Dogerawa. Wanda ya saba jin sunan a Abijan ko Akra in ya sauka sai ya riƙa waige yana neman birnin, alhali kamyon da ake ma lodi bakin hanya da buhunan albasa da aka jibge, su ne dai garin.

Ƙasar wurin irin ta Adar ce, tudu mai duwatsu a sama, a ƙasa kuma fadama inda ruwan damina ke gangarowa ya kwanta. Tudun shi ke ba da hatsi da wake da damina, fadamar kuwa ita ce arzikin, don ruwa bai da zurfi, ga baraji da ke tare ruwa, ga rijiyoyi da motopompu. In sanyi ya fara ake dashen albasa, wajen Maris da Afrilu a cire, lokacin kuma farashi ke faɗuwa ƙasa warwas don kowa ya kawo tashi rana guda. Mai ƙarfi shi zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, shi jira damina kuɗi su hau, maras ƙarfi kuwa bashin taki da na esansi ya riga ya cinye rabin garkar tun albasa na cikin ƙasa, dole shi saida ko nawa aka taya. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, wahalar tasu ce amma ribar sai ta tsallake su.

Sannan ki gaya ma yaron ba duk albasar da ake ce ma ta Galmi ce ta fito daga Galmi ba. Sunan iri ne, violet de Galmi, ana noma shi a Madawa da Tsarnawa da wasu ƙasashen maƙwabta ma.

Batun yawan mutane kuwa, ƙidayar 2012 ta ba Nijar miliyan 17 da 'yan kai, jahar Tawa miliyan 3.3, kuma a lokacin ana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, kin ga duk lissafin wancan lokacin ya tsufa. Galmi cikin wannan ɗigo ce. Kuma adadinta yana tafiya da wata: bayan girbi samarin Adar da yawa kan tafi bida Najeriya, Kodebuwa ko Libiya, amma lokacin cirar albasa sai gari ya cika da 'yan ƙwadago da dillalai da direbobi da masu tuwo-tuwo. Ga asibitin mishan da aka buɗe tun 1950, majinyata har daga Najeriya suke zuwa kowa da 'yan jinyarshi. Mafi yawan mazauna Hausawa ne, akwai Fulani da Buzaye da ake zaune tare.

In kin samu hali ki kai shi cikin Afrilu, sai dai ku riƙe ruwa da yawa don zafin wurin a lokacin ba wasa ba ne.