Hannun Jarin GitLab Da Jarin Hatsi: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwa Daga Gombe

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Hatsi a Gombe, mai sayen wake da masara a lokacin kaka yana ajiyewa, ya aiko da tambaya. Ya ce ɗansa mai sana'ar rubuta manhaja yana ta matsa masa ya cire naira miliyan 5 daga cikin jarinsa ya sayi hannun jarin wani kamfani mai suna GitLab, domin a cewar yaron, nan gaba duk masu haɗa manhaja a irin wannan dandali za su taru. Yana son sanin ko akwai riba a ciki.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da yaron nan ya gaya maka game da amfanin kayan gaskiya ne, domin da su yake aiki kullum, kuma ya fi ni da kai saninsu. Inda nake so ka dakata shi ne wajen ɗaukar ingancin kayan a matsayin tabbacin cewa hannun jarin kamfanin zai ba ka riba.

Kafin manhaja irin ta banki da ke cikin wayarka ta iso gare ka, sai an rubuta ta, an adana rubutun inda mutane da yawa za su iya gyarawa ba tare da sun ɓata wa juna aiki ba, an gwada ta, an binciki ɓarakar da ɓarayin intanet za su iya shiga ta ciki, sannan a sake ta, a kuma ci gaba da sa mata ido. A da, kusan kowane mataki da kayan aikinsa daga kamfani daban, kuma sai an ɗauki ma'aikata na musamman don haɗa su. Abin da GitLab da takwaransa GitHub suke sayarwa shi ne a yi dukkan wannan a wuri ɗaya. Ka ɗauka kamar injin shinkafar da ke turarawa, ya sheƙe, ya cire tsakuwa, ya zuba a buhu a ƙarƙashin rufi guda, maimakon ka yi ta biyan 'yan dako daga wannan inji zuwa wancan.

Abin da ke jan hankalin masu zuba jari shi ne yadda kuɗin ke shigowa. Kamfanoni suna biya ne bisa yawan ma'aikatansu da ke amfani da dandalin, wata bayan wata ko shekara bayan shekara, kuma duk kamfanin da ya zuba aikinsa na shekaru a ciki, tashi yana yi masa wuya da tsada. A 2023 GitLab ya ɗaga farashin matsakaicin tsarinsa daga dala 19 zuwa dala 29 ga kowane mutum a wata, amma duk da haka cinikinsa bai daina hawa ba. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2022 ya yi cinikin kusan dala miliyan 253, a wadda ta ƙare a Janairun 2025 kuwa ya kai kusan dala miliyan 759, wato ya ninka sau uku cikin shekara uku.

To, ga abin da nake so ka yi wa kallon ɗan kasuwa. An fara sayar da hannun jarin GitLab a kasuwar Nasdaq ta Amurka a Oktoban 2021 a kan dala 77, ya haura dala 100 a ranar farko, sannan a 2022 ya faɗo ƙasa da dala 40, kuma tun daga nan mafi yawan lokaci yana ƙasa da farashinsa na farko. Kayan ba su lalace ba, masu saye ba su gudu ba, ciniki ya ƙaru, amma wanda ya shiga a ranar farko ya daɗe yana kallon asara, saboda ya biya kuɗin nasarar shekaru masu zuwa tun kafin ta zo, kuma da Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a 2022, sai masu kuɗi suka rage sha'awar kamfanonin da ribarsu take can gaba. Kamfanin ya shafe shekaru yana bayyana asara a ƙarshen lissafinsa, wani kaso mai yawa na ladan ma'aikatansa da sabon hannun jari yake biya, wanda ke rage girman rabon tsofaffin masu jari, kuma ba ya raba riba a ƙarshen shekara. Saboda haka hanyar samunka ɗaya ce tak, ita ce wani ya zo ya saya a hannunka da tsada fiye da yadda ka saya.

Sai maganar kishiya, wadda a ganina ta fi komai nauyi. Babban mai gogayya da GitLab shi ne GitHub, wanda Microsoft ya saye a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Microsoft yana da aljihun da zai iya sauƙaƙa farashin GitHub domin ya jawo mutane su yi hayar manyan kwamfutocinsa na Azure, alhali GitLab da wannan kaya ɗaya yake ci. Akwai kuma kamfanin Atlassian na Ostireliya mai irin waɗannan kayan aiki, Jira da Bitbucket. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lissafin: idan na'ura tana rubuta manhaja da yawa, buƙatar wurin gwadawa da tantancewa za ta ƙaru, amma idan kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikata, wanda ke karɓar kuɗi bisa yawan kawuna zai ji a jikinsa. Duk wanda ya rantse maka cewa ya san inda wannan zai ƙare, fatansa yake gaya maka.

Kada kuma ka ruɗu da labarin waɗanda suka ce sun ninka kuɗinsu a hannun jarin Amurka. Tun daga Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a 2024, don haka da yawansu ribar canji suka ci, ko da kamfanin bai motsa ba. Ranar da naira ta farfaɗo, lissafin yana juyawa.

Shawarata ita ce kada ka taɓa kuɗin sayen hatsi. Kai ka san lokacin da waken Kumo da na Dukku ke shigowa, ka san buhun da ƙwari za su ci da wanda zai kai bazara, kuma wannan sanin shi ne fifikonka a kan sauran masu kuɗi, fifikon da ba ka da shi a Nasdaq. Idan zuciyarka ta kwanta da harkar, ka ware daga ribar da ka riga ka samu abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 na dukiyarka ba, kuɗin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan a watanni daban-daban, kuma kada ka zuba shi duka a kamfani ɗaya. Misali, hannun jarin Microsoft yana ba ka rabo a GitHub tare da wasu harkoki masu yawa, yana kuma raba riba, sai dai Amurka tana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga irin wannan riba kafin ta iso hannun ɗan Najeriya.

Ka buɗe asusun da sunanka da BVN ɗinka, ba da sunan yaro ba, domin gudun rikicin gado, kuma ta hannun dillalin da ka tabbatar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya. Bayan yadda dandalin zuba jari na bogi CBEX ya rushe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, duk wanda ya yi maka alƙawarin tsayayyiyar riba kowane wata da sunan fasaha, ka rufe masa ƙofa. Game da halacci, sana'ar manhaja a kanta ba ta da matsala, amma irin waɗannan kamfanoni sukan ajiye rarar kuɗinsu inda ake ba su kuɗin ruwa, shi ya sa ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya iyakance kuɗin shiga marar tsarki ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ka kai wa malamin da ya san harkar kuɗi rahoton kamfanin na baya-bayan nan, ya duba maka wannan tare da yadda za ka fitar da zakkarsa. Yaron kuma ka sa shi ya riƙa kawo maka rahoton da GitLab ke fitarwa kowane wata uku, ku zauna ku duba saurin hawan ciniki, da ko tsofaffin abokan ciniki suna ƙara abin da suke biya, da tsabar kuɗin da ta rage bayan an biya komai.