Amsa ga ɗalibar da ke son haɗa ido da ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne bai bar ni na zauna ba sai yau. Kin ce kina shekara ta biyar a karatun likita a nan Garwa, zuciyarki ta rabu tsakanin ido da ƙwaƙwalwa, kina kuma son ki haɗa duba marasa lafiya da bincike. Kika tambaya ko hakan zai yiwu daga nan, ko kuwa dole sai an yi ƙaura zuwa Turai. Ni likitan ido ne, na haura shekara goma sha biyar ina wannan aiki tsakanin Garwa da Marwa, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Zai yiwu, kuma ba sai kin bar ɗaya kin kama ɗaya ba. Tantanin da ke can bayan ido, wanda muke kira retina, reshen ƙwaƙwalwa ne tun jariri yana ciki. Jijiyar gani kaɗai tana ɗauke da zare wajen miliyan 1.2, kuma cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kai, huɗu ba su da wani aiki sai na ido, kamar gani da juya shi. Duk jikin ɗan Adam babu inda za ki leƙa ki ga jijiya da hanyoyin jini a fili ba tare da kin yanka fata ba sai nan.

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Pitowa da ba na mantawa da ita. Ta zo da tabarau uku a ƙulle cikin leda, kowanne daga wuri dabam, ta ce babu wanda ya yi mata amfani. Ta karanta allon haruffa kusan har ƙasa, har na fara tunanin ko damuwa ce kawai. Sai ta ce, "Likita, mai saye zai tsaya a gefena, ban san da shi ba sai ya yi sallama." Na ce ta rufe ido ɗaya ta kalli hancina, na riƙa kawo yatsana daga wajen kunnenta. Ba ta gan shi ba sai da ya zo tsakiya. Ɗaya idon ma haka. Na tambaye ta al'ada, ta sunkuyar da kai ta ce ta ɗauke fiye da shekara, ga nono yana zuba alhali ba ta goyo. Ƙari ne a ƴar halittar nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa sinadaran jiki, ya taso ya danne mahaɗar jijiyoyin gani biyu da ke samanta. Mijinta ya kai ta Ngaundere suka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde don hoton kai, aka tabbatar, aka ɗora ta a kan ƙwayar bromokriptin. Bayan ƴan watanni gefen ganinta ya fara buɗewa. Yatsa da tambaya biyu ne suka gano ciwon, na'ura ta zo ta gaskata.

Amma kafin ita akwai wani saurayi, a shekarata ta farko. Ciwon kai ya kawo shi, layi ya yi tsawo, na rubuta masa tabarau ban ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido na leƙa ciki ba. Da ya dawo bayan wata bakwai, ƙaninsa ne ke riƙe da hannunsa, jijiyoyin biyu sun yi fari fat. Da na duba tun farko da na ga kumburin da ke nuna matsi ya yi yawa a cikin kai. Har gobe abin yana ci mini rai, kuma shi ya tura ni wannan fanni.

Batun hanya kuwa, kin san shekara bakwai ce kafin ki kare kundinki na kammala karatu. Daga nan sai ƙwarewa ta shekara huɗu, ko a ido ko a jijiyoyi, domin ta ƙofa biyun ake shiga. Shawarata ki bi ta ido, saboda za ki iya fiɗa, kuma hannunki zai saba da kayan aunawa. Ana yi a Yawunde, akwai IOTA, cibiyar horar da likitocin ido ta Afirka, a Bamako da ta daɗe tana yaye likitocin idon ƙasashenmu masu Faransanci, ga kuma cibiyar Magrabi a Oback kusa da Yawunde da aka buɗe a 2017. Ƙarin shekara ɗaya ko biyu na haɗa ido da ƙwaƙwalwa shi ne galibi sai an fita, Paris ko Landan, ko Indiya a manyan asibitocin ido irin su Aravind da LV Prasad. A Amurka suna haɗa digirin likita da na bincike a tafiya ɗaya ta wajen shekara takwas. Mu a nan bi da bi muke yi, mastas sannan dokta, in kuma koyarwa kike so ga jarrabawar CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashenmu masu Faransanci, tana jiran ki. Ki dage da Ingilishi tun yanzu, don yawancin mujallun fannin da shi ake rubuta su, ki kuma koyi lissafin ƙididdiga da kanki kada ki riƙa ba wani ya yi miki.

Inda nake so ki natsu shi ne nan: fita waje koyon hannu ne, amma tambayoyin suna gida. Ki dubi ɗakin yara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke hawa kai, yara kwance ba su san inda suke ba. A Blantyre ta ƙasar Malawi, wata likitar ido, Susan Lewallen, ta riƙa leƙa idon irin waɗannan yara, a 1993 ta bayyana alamomin da ake gani: farin tabo a retina da ɗigon jini, daga baya aka ƙara da hanyoyin jini da ke sauya launi. A 2004 Terrie Taylor da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken gawarwaki, suka nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da aka ce zazzaɓin ne ya kashe su, wani ciwo ne dabam. Dalili kuwa, a ƙasa irin tamu yaro zai iya ɗauke da ƙwayar cutar a jini alhali abin da ya sumar da shi wani abu ne. Abin da ya fi rarrabewa tsakanin biyun shi ne duban ido. Wannan aiki a gefen gadon asibiti aka fara shi, da ƴar fitilar leƙa ido, wadda asalinta wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya ƙirƙiro tun wajen 1851.

Mu ma ga namu birjik. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma yaran da suka tashi daga shi wasu da raunin gani suke tashi. Etambutol da ke cikin maganin tarin fuka yana iya taɓa jijiyar gani, farkon alamarsa mutum ya kasa bambance ja da kore. Da littafin Ishihara na gwada ganin launi da rajista guda za ki iya bin masu shan sa wata-wata. A kwarin Mbam an nuna alaƙa tsakanin makantar kogi da farfaɗiya, mu kuma ga kwarin Vina wajen Tuboro da ya sha fama da makantar kogin. Ko yaro mai harara-garke da iyaye ke cewa zai gyaru in ya girma, aikin Hubel da Wiesel ne, likitoci biyu da suka sami kyautar Nobel a 1981, ya bayyana dalilin da ya sa jira ke kashe ganin idon: ƙwaƙwalwa tana da lokacin koyon gani, in ya wuce da wuya a maido shi.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Abincin likitan ido a fiɗar yanar ido da tabarau yake. Mai ciwon jijiya zai cinye miki minti arba'in, wani lokaci ki ƙare da gaya masa ganin ba zai dawo ba, kuma faɗin wannan ga uba mai iyali ba ya taɓa zama da sauƙi. Bincike kuma da daddare da ranar Lahadi ake yin sa, sau da yawa da kuɗin aljihu. In maganar aure ta taso, ki gaya wa mutumin da gidanku tsawon tafiyar tun ba a yi nisa ba, don na ga ƴan'uwa mata masu hazaƙa da suka tsaya a tsakiya saboda ba a yi wannan magana da wuri ba.

Abin da za ki fara wannan makon: ki nemi aron fitilar leƙa ido, ki sayi littafi mai kauri. Duk yaron da aka kwantar a sume, ki nemi izinin babban likitan ɗakin da na iyaye, ki duba idonsa, ki zana abin da kika gani, ki rubuta yadda ya ƙare. Idanu hamsin na farko ba za ki ga komai ba sai jan haske, kada ki karaya, kowa haka ya fara. In kin cika ɗari ki yi mini magana mu zauna mu duba littafin tare, daga ciki za mu fitar da taken kundinki, mu kai wa kwamitin ɗa'a kafin ki shiga shekara ta bakwai. Allah ya yi miki jagora.