Kati biyu ba sa haɗa memori wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zanen gidaje da manhajar Blender a kan katin sarrafa hoto na kwamfuta, RTX 3060 mai memori giga 12. Na ƙaro RTX 3070 mai giga 8 domin mai shago ya tabbatar mini cewa zan samu giga 20. Yanzu aikin da yake fita lafiya a da, sai ya tsaya a tsakiya ya ce memori ya ƙare, ga mai aikin yana jira. Shin sabon katin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, katinka lafiyarsa ƙalau. Maganar da aka gaya maka ce ba ta da tushe, kuma kusan kullum sai an kawo mini ƙorafi irin wannan. Injin Cycles, wanda yake fitar da hoto a Blender, yana raba wa katunan lissafin hoton, amma kowane kati sai ya ɗauki cikakken kwafin aikin a cikin memorinsa, domin hasken da yake bin sawunsa yana iya faɗa wa kowane bango, kowace kujera. Saboda haka ƙaramin katin ne yake yanke iyaka. Da kana da giga 12, yau ka koma giga 8 da kuɗinka. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin mai sayarwa yana tara lambobin da ke jikin kwali ne kawai ya karɓi kuɗi, bai taɓa zama ya fitar da hoto ko ɗaya ba. Haɗa memori na gaskiya sai da gadar NVLink mai jona kati biyu kai tsaye, wadda Blender ya fara amfani da ita a fitowar 2.90 ta shekarar 2020, kuma katunanka biyu ba su da wurin saka ta. RTX 3090 yana da shi, amma a 4090 kamfanin Nvidia mai ƙera katunan ya cire shi gaba ɗaya.

Domin aikin yau, ka shiga Preferences na Blender, sashen System, ka cire alamar da ke kan 3070, aikin zai fita kamar da. Idan kana son cin moriyar saurin katunan biyu, dole aikin ya sauko ƙasa da giga 8, kuma hotunan da kake lulluɓe abubuwa da su ne suka fi cin wuri. Hoto ɗaya mai faɗi da tsawon pixel 8192 yana cin mega 256, mai faɗin 4096 kuwa mega 64, alhali tayil ɗin da ke can nesa da kyamara 2048 ma ya ishe shi. A sashen Simplify na Blender za ka sa wannan iyaka. Kujeru da bishiyoyi masu maimaituwa ka kwafe su da Alt+D maimakon Shift+D, domin kwafin Alt+D ba ya cin memori kamar na Shift+D. Sannan ka jona allonka a kati mai giga 12, domin Windows ma yana cin nasa rabon a katin da allo yake kai.