Wai in oksimita ta nuna 97 shi ke nan?

Kai yaro, wai ka sayi oksimita ta yatsa, na'urar nan mai auna oksijin a jini, kana tambaya in ta nuna maka kashi 97 kana tuƙa jirgi a sama ai jininka lafiya lau. Wa ya gaya maka? Ku yaran yanzu in dai abu yana da batir yana fitar da lamba to kun gama imani da shi.

Maganar ƙarancin oksijin in jirgi ya haura ƙafa 10,000, da cewa in lambar ta yi ƙasa da 90 ka ja oksijin ko ka sauko, ba zan ɓata bakina ba, an koya maka a makarantar tuƙin jirgi ta Zariya sai dai in barci kake yi.

Wata shekara da hunturu wani Alhaji ya ɗauki shatar Cessna 206 ɗin da nake tuƙawa, da sassafe, sanyi har ƙashi, na kunna hita. Hitar waɗannan ƙananan jiragen daga jikin salansa take samun zafi, ashe injiniyan da ya karɓi kuɗin sabuwar salansa walda kawai ya yi wa tsohuwar ya mayar. Can sai kaina ya fara sarawa, Alhaji yana ta hamma, na duba yatsa 98, na sake dubawa 98, amma ɗan katin gano kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin salansa, da na manna a gabana ya yi baƙi. Na kashe hita, na buɗe iska, na sauka a filin da ya fi kusa. Mutumin nan da na ceci ransa ya ce na sa ya rasa taro, ya hana kuɗin shata ko sisi, har ya je ya gaya wa mai jirgin da idonsa ya ga 98, tsoro ne kawai. Ni aka sallama, injiniyan ko tari ba a yi masa ba. Allah ya isa.

Oksimita launin jini take kallo, kuma jinin da ya kama hayaƙin nan ja ne jawur, sai ta lissafa shi a oksijin. Emiliano Sala, ɗan ƙwallon nan da jirginsa ya faɗi a 2019, kashi 58 na kabon monoksaid aka samu a jininsa.

Ka riƙe oksimitarka, tana da amfani, amma yatsa mai sanyi ma ruɗa ta yake yi. Je ka sayi katin, ka duba ranar ƙarewarsa, kuma in an ce an canja salansa ka sa a buɗe ka gani da idonka.