Amsa: Littafin da ƙanwarki take karantawa

Kin ce ƙanwarki 'yar aji uku na sakandare tana karanta littafin soyayya inda saurayin ke duba wayar yarinyar, ya hana ta zuwa biki, kina tambaya ko ki ƙwace. Ni dai a'a kar ki ƙwace, in kin karɓe a WhatsApp za ta samu wani, gara ki karanta ku yi hira a kai.

Amma ki duba ƙarshen. In marubuciyar ta nuna wannan kishin nasa so ne, to nan matsala take. A ƙauyenmu wajen Ringim 'yar yayata ta daina zuwa ɗebo ruwa a fanfo da ƙawayenta wai "ya ce ba ya so", ko gaisuwa ba su kawo ba fa, da na tambaye ta cewa ta yi ai haka ake yi a littafi.