Tambayi Mama: Murnar aikin Ubangiji ta gudu min, ko na ja da baya ne?

TAMBAYA: Mama ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni matar mai bishara ce, an turo mu wani kauye a kudancin jihar Kano, da farko ina jin dadin aikin sosai amma yanzu kam gaskiya na gaji. Ran Lahadi ba ma kai mutum ashirin a sujada, rabi ma yara ne, baiko kuwa ba a magana. Ni ce shara, ni ce makarantar Lahadi, ni ce zumuntar mata, in nakuda ta kama wata da tsakar dare kofata ake bugawa. In ana waka bakina ne kawai ke motsi zuciya tana can wani wuri. Na fada wa wata ta ce shaidan ne in kama azumi. Mama ko na ja da baya ne?

AMSA: 'Yata sannu, sannu da aiki. Ba ki ja da baya ba, gajiya ce, kuma gajiya ba zunubi ba ce. Wadda ta ja da baya ba ta tashi da tsakar dare ta bi mai nakuda.

Ki bude 1 Sarakuna sura 19. Iliya fa, mutumin da ya tsaya shi kadai gaban annabawan Ba'al 450 a dutsen Karmel har wuta ta sauko daga sama, shi ne sarauniya Yezebel ta aika wa sako guda cewa za ta kashe shi, ya ranta a na kare har Biyersheba, ya bar baransa a can ya shiga jeji tafiyar yini, ya zauna gindin itace ya ce ya isa haka Ubangiji ka dauki raina. To me Allah ya yi masa? Bai ce kai Iliya ina bangaskiyarka ba. Barinsa ya yi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga waina a kan garwashi ga tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya, aka sake tashinsa aka ce ci, tafiyar ta fi karfinka. Sau biyu fa! Sai da cikinsa ya dauka sannan aka kai ga maganar da Allah ya yi da shi a dutsen Horeb. Shi ya sa ban yarda da shawarar azumin nan ba a halin da kike ciki, azumi yana da lokacinsa amma ke yanzu tuwo da barci kike bukata, kuma ba kunya ba ce.

Ki lura da kukan Iliya kuma, ni kadai na rage, ni kadai. Irin naki ne sak, ni ce kaza ni ce kaza. Allah ya ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durkusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya shafe Elisha. Hannu daya ba ya daukar jinka 'yata. A cikin matan nan naki akwai wadda za ta iya shara, akwai budurwar da za ta iya koya wa yara ayar haddacewa ko da karatunta na tsinta-tsinta ne, ki ba su, ko ba su yi kamar yadda kike yi ba ki kau da kai. Mu matan masu hidima muna da wannan halin, mu rungume komai sannan mu ce ba mai taimakonmu.

Maganar kirga kawuna kuwa ita ce barauniyar murna ta gaske. Turawa uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara kasar nan, Gowans da Kent da Bingham, biyu sun rasu a 1894 ba su ga ko majami'a daya ba, amma daga wannan aikin ekklesiyar ECWA ta fito a 1954. Kuma da almajirai suka dawo suna tsalle wai har aljanu na yi musu biyayya, a Luka 10:20 Yesu ya ce kada murnarsu ta tsaya kan wannan, su yi murna an rubuta sunayensu a sama. Rahoton da za a kai wa manya a gunduma dole ne a rubuta, amma kada ki auna kanki da shi.

Da yamma in kin gama sanwa ki dauki tabarma ki zauna kofar gida ba don hidima ba, ki bare gyada da makwabciyarki ko ta masallaci ce ko ta gargajiya, ku yi hirar damina ku yi dariya. Ki saurari yaron nan da bara bai san baki ba yau yana hada ba da ba a Littafi Mai Tsarki yana bin layi da yatsa. Ran kasuwa ki ce wa maigida ya goya ki a mashin ku ci kosai ku biyu, ran Litinin kuma a rufe kofa a huta, Ubangiji da kansa ya ce wa almajirai su zo waje daya su huta kadan don ko zarafin cin abinci ba su samu ba, yana nan Markus 6:31. Kuma ki zauna da shi maigidan ki fada masa abin da kika fada min, zai yiwu shi ma yana hadiye nasa ne don kada ya karya miki gwiwa.

Amma in kin huta an raba aikin kuma har makonni barci ya ki, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, ko tunanin mutuwa yana zuwa miki, kada ki zauna, ki je asibiti ki ga likita, ciwon damuwa ciwo ne kuma ana maganinsa.

Ku kuma dattawa da ke karanta shafin nan, don Allah dan alawus din masu bisharar kauye a rika biya kan lokaci, a rika leka su, ko kwanon masara ne a tafi da shi.