Yadda ake ƙara fayilolin heda na laburare a hoton Yocto

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gina hoton Linux (wato cikakken tsarin aiki da ake ɗora wa na'ura) da Yocto, kayan aikin gina Linux na ƙananan na'urori, domin ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kuma na tabbata laburaren libgpiod (tarin shirye-shiryen da manhaja ke kira don sarrafa fil-fil na na'urar) yana ciki, amma duk sanda na zo harhaɗa manhajata (wato compile) a kan na'urar sai ta ce ba ta ga gpiod.h ba. Daga ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Laburarenka lafiyarsa ƙalau, haka Yocto yake aiki da gangan. Idan ya gina laburare yakan raba shi gida-gida: ƙunshi ɗaya na ɗauke da abin da manhaja ke buƙata lokacin da take gudana, wani kuma mai ƙarewa da -dev shi ke ɗauke da fayilolin heda masu ƙarewa da .h (waɗanda ke bayyana abin da ke cikin laburaren lokacin harhaɗawa), da mahaɗin .so, da fayilolin .pc. Na farkon kaɗai ke shiga hoto, domin ma'ajiyar ƙananan na'urori ba ta da yalwa.

Ka buɗe conf/local.conf ka ƙara wannan layin:

IMAGE_INSTALL:append = " libgpiod-dev"

Ka kula da tazarar da ke tsakanin alamar zance da sunan ƙunshin, domin idan babu ita sunan zai manne da wanda ya gabace shi, ginin kuma ya tsaya. Haka nan, tun daga fitowar Honister, wato sigar 3.4 ta shekarar 2021, ɗigo biyu ake sa wa kafin kalmar append, ba layin ƙasa kamar da ba, kuma a nan ne masu kwafo tsofaffin misalai daga intanet suka fi yin tuntuɓe. Idan kana shakkar sunan ƙunshin, umarnin oe-pkgdata-util find-path /usr/include/gpiod.h zai nuna maka shi.

Heda kaɗai ba za ta wadatar ba idan babu kayan harhaɗawa, wato gcc da make, a hoton; waɗannan kuwa ana samunsu ne ta hanyar sanya tools-sdk cikin EXTRA_IMAGE_FEATURES. Akwai kuma dev-pkgs, wanda ke jawo -dev na duk ƙunshin da ke hoton, sai dai ba na son ka fara da shi, saboda yana kumbura hoton ƙwarai alhali laburare ɗaya kake nema.

Shawarata ta gaskiya ita ce ka bar wannan hanya ga gwaji kawai. Harhaɗawa a kan na'urar tana cin lokaci, kuma bai dace abin da za ka miƙa wa mai saye ya tafi da kayan harhaɗawa a cikinsa ba. Ka gudanar da bitbake, umarnin gini na Yocto, tare da sunan hotonka da -c populate_sdk, za ka sami fayil ɗin girka SDK, wato kayan harhaɗawa na kwamfuta, a tmp/deploy/sdk mai ɗauke da hedojin laburarorin da ke hotonka. Da shi sai ka harhaɗa manhajar a kwamfutarka, ka tura ta zuwa na'urar da scp, umarnin kwafar fayil ta hanyar sadarwa.